Mene ne bambancin ma'aikata, kuma me zai ƙara wa ɗan kasuwar Kebbi?

Duk wanda ya saba karanta tallar neman ma'aikata ta banki, ko ta kamfanin sadarwa, ko ta ƙungiyoyin agajin da ke aiki a Birnin Kebbi, ya san wani layi da ake maƙalawa a can ƙarshe: ana ƙarfafa wa mata da masu buƙata ta musamman gwiwa su nemi aikin, kuma ba a duba ƙabila ko addini. Yawancinmu tsallake shi muke yi, mu ce ai ado ne. Wani lokacin kuwa adon ne. Amma layin ya fito ne daga wata fahimta da ta yi ƙarfi a harkar kasuwancin duniya, wadda ake kira bambancin ma'aikata.

Ma'anarta ba ta da wuya. A samu mutanen da ba tushensu ɗaya ba suna aiki a inuwa guda: Bahaushe da Badakkare da Bazabarme, mace da namiji, Musulmi da Kirista, dattijo da matashi, mai tafiya da ƙafarsa da mai keken guragu. Wannan shi ne bambancin da ido ke gani. Akwai kuma wanda sai an zauna da mutum ake gane shi, wato irin karatun da ya yi, da inda ya tashi, da sana'ar da ya baro. Wanda ya gama jami'a a Aliero da wanda ya yi karatun allo ya shekara ashirin yana awo a kasuwar Jega, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ba abu guda suke gani ba in aka ajiye buhun shinkafa a gabansu.

Asalin maganar neman adalci ne. A Amurka, dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya ƙi mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko jinsinsa, ko ƙasar da ya fito. Daga baya ne kamfanoni suka fara cewa ban da kiyaye doka, akwai kuɗi a ciki. Har gobe ana kai ruwa rana a can, domin a Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin rufe shirye-shiryen bambancin ma'aikata a ma'aikatun gwamnatin tarayyarsu.

A nan gida mutane kan rikita abin da tsarin raba daidai na gwamnati. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada wasu 'yan jihohi ko wata ƙabila su mamaye muƙaman gwamnatin tarayya, kuma tun 1996 akwai hukumar da aka kafa don ta sa ido a kan haka. Dokar kare masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Wannan duk maganar rabo ce, kuma gwamnati ta shafa. Alhajin da ke da gidan mai biyu da injin casa, ba wanda zai zo ya ƙirga masa Dakarkari nawa ya ɗauka. Shi tambayarsa ɗaya ce, kuma yana da gaskiyar yin ta: me zan samu?

Amsa ta farko tana bakin ƙofar shagonsa. Jihar Kebbi masarautu huɗu ce, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma ban da Hausawa da Fulani akwai Kabawa, Zabarmawa, Dandawa, Dakarkari, Kambari, Dukawa da Gungawa. Ga iyaka da Nijar, ga iyaka da Benin. Kowa na jin Hausa, ko kusan kowa, shi ya sa muke mantawa cewa jin Hausa daban, sakin jiki a yi ciniki da ita daban.

Mu ɗauki mai shagon sari a Kamba. Wata mata ta tsallako daga Gaya da sefa a ƙulle a bakin zane. A lissafin mutanen Nijar, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000, alhali a bakin dattawanmu na nan jaka naira 200 ce. In yaron shago ɗan Birnin Kebbi ne da bai taɓa riƙe sefa ba, sai an kira ɗan canji, sai an danna kalkuleta, ita kuma tana tsaye tana zargin za a cuce ta. In kuwa akwai yaron da ya tashi da Zabarmanci, ya gaishe ta da harshenta, ya yi lissafin da ka, an gama. Mako mai zuwa za ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Mai shagon bai ɗauki yaron don tausayi ba. Ya sayi kasuwar da a da take wucewa ta gabansa.

Harkar shinkafa ta fi nuna abin. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, ƙananan injinan casa sun yawaita. Duba mutanen da injin guda ke hulɗa da su. Manomin fadama da zai kawo shanshera. Matan da ke turara shinkafa a cikin gida, waɗanda tun kafin a kawo injin suke gane wadda za ta karye a casa da wadda za ta fito tsaye. Bafulatanin da zai sayi dusa. Direban tirela da zai kai kaya Legas ko Anaca, da dillalin can da za a yi magana da shi ta waya. Mai injin da ma'aikatansa duk samarin unguwarsu ne, yana da ido a wuri ɗaya cikin biyar. Sauran sai abin da aka gaya masa.

Batun mata ma ba sai an ja shi da nisa ba. A garuruwanmu gidaje da yawa ba a shiga, kuma a cikin gidajen nan ne ake adashi, ake sayar da ƙuli da man gyaɗa, ake yanke shawarar irin sabulu da irin taliyar da za a saya. Bankin ƙananan 'yan kasuwa ko kamfanin kayan masarufi da ba shi da ma'aikaciya mace, iyakarsa zaure. Haka in Musulmi da Kirista suna aiki tare a kemis ko gidan mai: ranar Juma'a ba a rufe ba, ranar Lahadi ba a rufe ba, ɗaya ya riƙe wa ɗaya lokacin Sallah, ɗayan ya rama masa lokacin Kirsimeti. Mutanen Zuru sun daɗe da sanin wannan ba tare da wani ya zo ya yi musu bita ba.

Amsa ta biyu ta fi ɓuya, kuma a ganina ta fi ta farko nauyi. Wata malamar jami'a a Amurka, Katherine Phillips, da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2009. An ba ƙananan rukunan ɗalibai bayanan wani kisan kai na ƙage, aka ce su gano wanda ya yi. Ana cikin tattaunawa sai a ƙaro musu mutum ɗaya, wani lokacin ɗan ƙungiyarsu, wani lokacin baƙo. Rukunan da aka sa wa baƙo sun fi gano mai laifin. Abin mamakin shi ne, su ne kuma suka fi rashin gamsuwa da aikinsu, yayin da waɗanda suka zauna da nasu suka tashi suna jin sun ƙware, ko da sun yi kuskure. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama a majalisa. Cikin naka, da an ce "ai ka gane" sai kowa ya gyaɗa kai. In da baƙo, dole ka faɗi hujjarka, kuma wurin faɗin ne kake jin inda ta rame.

Masu tallar wannan fahimta sun fi son kawo rahoton 2015 na McKinsey, wani kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, wanda ya ce kamfanonin da suka fi cakuɗa ƙabilu a shugabancinsu sun fi yiwuwar zarce sa'o'insu a riba da kashi 35 cikin 100. Ni ba na ɗora kaya da yawa a kansa. Wasu masana sun sake lissafin da manyan kamfanonin Amurka, ba su samu abin da aka ce ba. Kuma ko da lissafin ya tsaya, yana iya yiwuwa kamfanin da ya riga ya yi arziki ne ke iya ɗauko ƙwararru daga ko'ina. Cakuɗa ma'aikata ba laya ba ce.

To me ya sa attajiranmu suka fi son ɗan ƙane da ɗan ƙanwa? Kada a yi saurin zaginsu. Inda ba a rubuta yarjejeniya, kotu kuma sai ta ga dama, amana ita ce jari. Ɗan'uwa in ya ci kuɗi an san gidan ubansa. Ga kuma zumunci, wanda addini da al'ada suka ɗora wa mai hali. Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san ɗaya gefen. Yaron da ba ya zuwa aiki sai ƙarfe goma ba ya koruwa, domin da yamma uwarsa za ta aiko. Kuma ɗan da ka raina da hannunka ba zai dube ka ya ce "Kawu, wannan farashin da ka sa zai kashe mu" ba. Zai ce "to, Kawu", ya koma bayan shago ya faɗa wa abokinsa.

Nan ne masana suka ƙara wata kalma a kan ta farko, wato shigar da kowa cikin shawara. Ɗaukar mutum daban, sauraron sa daban. Ana iya ɗaukar ma'aikaciya, a zaunar da ita a teburin karɓar baƙi, a yi taron yadda za a jawo mata masu adashi ba a kira ta ba. Ana iya ɗaukar akanta ɗan Zuru ko ɗan bautar ƙasa daga Inugu, amma ainihin shawara a yanke ta a tabarmar ƙofar gidan Alhaji bayan sallar isha'i, inda ba ya zuwa. Irin wannan wurin ya biya albashin bambanci bai ci ribarsa ba, kuma galibi mutumin ba ya daɗewa. In ya tafi sai a ce ai dama baƙo ba ya zama.

Wahalar ma gaskiya ce, kada a ɓoye. Taro yakan yi tsawo. Raha tsakanin abokan wasa, irin ta Kabawa da Katsinawa, wanda bai san ta ba zai iya ɗaukar ta cin fuska. Akan samu ɓangaranci wurin cin abinci, a kuma fassara ƙarin girma da ƙabila ko da cancanta ce ta kawo shi. Maganin da na ga yana aiki ba shi da ƙawa: albashi a rubuce, aikin kowa a rubuce, sharaɗin ƙarin girma kowa ya san shi, kuma maigida ya riƙa tambayar ƙaramin ma'aikaci ra'ayinsa kafin shi ya faɗi nasa, domin da zarar Alhaji ya yi magana an rufe babin.

Mai shagon da yaransa uku ne ba ya buƙatar wani tsari mai suna. Abin da ke hana shi samun mutumin da ya bambanta da shi yawanci ba ƙiyayya ba ce, hanyar neman ce. In gurbi ya samu, a masallacin unguwa ake faɗa, ko a gaya wa yaran shago su kawo wani, su kuma abokansu za su kawo. Da za a aika sanarwar nan zuwa kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta garin, da zauren WhatsApp na matan unguwa, mutanen da za su zo neman aikin ranar Litinin ba waɗanda aka saba gani ba ne.