Maldives: tattalin arziki da mulki a ƙasar da ke ci daga yawon buɗe ido

Maldives jamhuriya ce ta tsibirai a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sri Lanka. Tsibiranta sun kai kimanin 1,190, a jere cikin zobba 26 na duwatsun murjani, amma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kansu ba su cika 200 ba. Idan aka haɗa busasshiyar ƙasarta gaba ɗaya ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba. Ƙidayar 2022 ta sami mutane kusan 515,000, cikinsu sama da 130,000 baƙi ne 'yan ci-rani. Babban birninta Male, harshenta Dhivehi, kuɗinta rufiya. Jama'arta Musulmi ne, har tsarin mulki ya shar'anta Musulunci ga duk wanda zai zama ɗan ƙasa. Ta sami 'yanci daga Birtaniya ranar 26 ga Yuli, 1965, aka kuma soke sarauta a 1968.

A Kudancin Asiya babu ƙasar da ta kai ta yawan kuɗin shiga idan aka raba wa kowane mutum, kuma tun 2011 ta fita daga jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka tana cikin ƙasashen da bashi ya fi yi wa katutu. Dukiyar da matsalar tushensu ɗaya ne, wato sana'ar karɓar baƙi.

Kafin zuwan baƙi

Tsibiran sun daɗe suna sayar wa duniya abin da teku ya ba su. Ƙarnuka da dama babbar hajarsu ita ce farin wuri, wanda ake tarawa a gaɓa a loda wa jiragen ruwa zuwa Bengal, daga baya kuma jiragen Turawa suka riƙa kai shi gaɓar Afirka ta Yamma. Yawancin wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 18 daga wannan ruwa ya fito, don haka mai cewa "wuri na gugar wuri" yana ambaton hajar Maldives ne ko bai sani ba. Da kasuwar wuri ta mutu, sai busasshen kifin tuna ya zama abin dogaro. Har yau masunta suna kama shi ne da sanda da ƙugiya, ɗaya bayan ɗaya, domin doka ta hana jan babbar koma, kuma kifi ne kusan dukan kayan da ƙasar ke fitarwa da kanta.

Tsibiri ɗaya, otal ɗaya

Otal na farko na 'yan yawon buɗe ido, Kurumba, ya buɗe a 1972 a wani tsibiri kusa da Male. Tsarin da aka ɗauka tun daga lokacin shi ne gwamnati ta ba da hayar tsibirin da ba kowa a kansa ga mai zuba jari, shi kuma ya gina otal guda, ya samar wa kansa wuta da ruwa da jiragen jigila. Wa'adin haya yakan kai shekara 50, kuma doka ta ba da damar tsawaita shi zuwa 99. Tsarin ya raba baƙo da ɗan gari: ana sayar da giya a tsibiran otal, an haramta ta a tsibiran da jama'a ke zaune. Maumoon Abdul Gayoom, wanda ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2008, a zamaninsa ne sana'ar ta kafu. Kafin ya shiga gwamnati ya taɓa koyarwa a Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, tsakanin 1969 da 1971.

Sai a 2009 aka yarda mazauna tsibirai su buɗe ƙananan masaukan baƙi a garuruwansu. Tsibirin Maafushi ne ya yi fice a wannan, kuma ta nan ne kuɗin baƙi ya fara shiga aljihun mai shago da mai kwale-kwale kai tsaye. Yanzu manyan otal-otal sun haura 160, ƙananan masaukai kuwa ɗaruruwa ne. Baƙi miliyan 1.7 suka shiga ƙasar a 2019, a 2024 kuma adadin ya haura miliyan 2 a karon farko, wato kusan baƙi huɗu ga kowane mazaunin ƙasar.

Inda rauni yake

Yawon buɗe ido yana samar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arziki kai tsaye, da fiye da rabin kuɗin waje da ke shigowa. Idan aka lissafa sufuri da gine-gine da cinikin da ke rataye da shi, rabon ya fi haka nesa. A ɗaya ɓangaren, ƙasar ba ta da filin noma na kirki. Shinkafa, fulawa, sukari, man fetur, siminti, magani, har da tsakuwar gini, duk sai an shigo da su da dala. Saboda haka duk abin da ya hana jirgi sauka a Velana, babban filin jirgin saman ƙasar, yana taɓa tukunyar kowane gida.

An ga haka sau biyu ƙarara. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba, 2004 ta hallaka mutane fiye da 80, ta kuma yi ɓarnar da aka ƙiyasta ta kai kashi 62 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe iyaka daga ƙarshen Maris zuwa 15 ga Yuli. Baƙi suka ragu zuwa kusan 555,000, tattalin arziki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, faɗuwar da ƙasashe ƙalilan suka ga irinta. Farfaɗowar ta zo da sauri, domin ware kowane otal a tsibirinsa ya dace da zamanin killacewa, sai dai bashin da aka ci don riƙe ƙasar a watannin nan bai tafi ba.

Ko magana ma tana iya rage baƙi. A Janairun 2024 wasu ƙananan ministoci uku sun yi wa Firaministan Indiya Narendra Modi kalaman ɓatanci a shafukan sada zumunta. An dakatar da su, amma Indiyawa suka ƙaurace. Indiya da ke kan gaba wajen aiko da baƙi a 2023, da sama da mutum 200,000, ta sauko ƙasa sosai a 2024, Sin ta hau gurbinta.

Akwai kuma wata matsala da ba ta fitowa a alƙaluman baƙi. Ɗan yawon buɗe ido yakan biya kuɗin ɗakinsa tun yana ƙasarsa, ga kamfanin da asusunsa ke waje, don haka kaso mai yawa na dalar ba ya taɓa bankunan Male. Ma'aikata da yawa a otal-otal da wuraren gini baƙi ne, mafi yawansu daga Bangladesh, suna aika albashinsu gida, kuma an daɗe ana ƙorafin riƙe musu fasfo da hana su haƙƙinsu. Farashin hukuma ya tsaya a rufiya 15.42 kan dala ɗaya tun 2011, amma mai shigo da kaya da bai samu a banki ba dole ya nufi kasuwar bayan fage, inda ta fi tsada. Wannan ne ya sa daga farkon 2025 doka ta wajabta wa manyan otal-otal canja wani kaso na dalarsu a bankunan cikin gida, matakin da masu otal suka yi ta adawa da shi.

Tsadar mulkin tsibirai da tarin bashi

Gudanar da ƙasa mai tsibirai kusan 200 da ke warwatse a tsawon kilomita sama da 800 abu ne mai cin kuɗi. Tsibiri mai mutum 500 ma yana buƙatar makaranta, asibiti, injin wuta, matsayar jirgin ruwa da katangar tare igiya. Gwamnati tana tallafa wa farashin wuta da mai da kayan abinci, tana kuma ɗaukar nauyin inshorar lafiya ta Aasandha ga kowane ɗan ƙasa tun 2012. Kamfanonin gwamnati irin su Fenaka, mai ba tsibirai wuta da ruwa, sun zama wuraren ɗaukar ma'aikata fiye da ƙima, musamman gab da zaɓe. Waɗanda tsibiransu ba su da aiki ko babbar makaranta suna kwarara Male, har yankin birnin ya tara kusan kashi 40 cikin ɗari na jama'a, kuma kuɗin hayar gida ya zama babban kukan iyalai.

Kuɗin shigar gwamnati ya dogara ne da harajin baƙi. Harajin kayayyaki da hidimomin yawon buɗe ido ya fara da kashi 3.5 cikin ɗari a 2011, ya kai 16 a 2023, sannan 17 a Yulin 2025. Harajin muhalli da baƙon babban otal ke biya kowane dare an ninka shi daga dala 6 zuwa 12. Harajin kuɗin shigar mutane kuwa sai a 2020 aka fara karɓarsa. Duk da haka giɓin kasafi bai rufe ba, sai aka cike shi da rance. A mulkin Abdulla Yameen, 2013 zuwa 2018, Sin ta ba da kuɗin gadar Sinamale da ta haɗa Male da filin jirgin sama, da dubban gidaje a Hulhumale, tsibirin da aka samar ta hanyar cike teku kusa da Male. A mulkin Ibrahim Mohamed Solih aka juya ga Indiya, wadda ta ɗauki nauyin gadar Thilamale da dala miliyan 500, miliyan 400 daga ciki rance. A 2021 aka sayar da sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, na dala miliyan 500 da ribar kusan kashi 10 cikin ɗari, wa'adin biyansa Afrilun 2026.

Zuwa 2024 bashin gwamnati ya zarce dukan abin da ƙasar ke samarwa a shekara, ajiyar kuɗin waje ta yi ƙasa ƙwarai, kamfanonin Fitch da Moody's, masu auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi, suka rage darajar ƙasar zuwa matakin da ke nuna fargabar kasa biya. A Oktoban shekarar Indiya ta kawo ɗauki da yarjejeniyar musayar kuɗi ta dala miliyan 400 da rupi biliyan 30. Shugaba Mohamed Muizzu ne ya je New Delhi ya karɓa, shi da ya ci zaɓen 2023 da alƙawarin fitar da sojojin Indiya, alƙawarin da ya cika a Mayun 2024. Ƙaramar ƙasa mai bashin manyan maƙwabta biyu ba ta da sararin yin fushi da ɗayansu na dogon lokaci.

Mulki da hayar tsibirai

Tsarin mulkin 2008 ya kawo jam'iyyu da yawa da raba iko, kuma a zaɓen shekarar Mohamed Nasheed ya kayar da Gayoom. Daga nan zuwa 2023 babu shugaban da ya sami wa'adi na biyu. Wannan alama ce ta cewa ƙuri'a tana aiki, amma ya kuma sa kowace gwamnati tana gaggawar zuba ayyuka da alƙawura kafin shekara biyar ta cika, ta bar wa mai zuwa biyan kuɗin.

Ɓangaren shari'a ne ya fi shan wahala. Nasheed ya sa sojoji sun tsare babban alƙalin kotun manyan laifuka a Janairun 2012, rikicin da ya kai shi ga sauka ranar 7 ga Fabrairu, yana cewa tilasta masa aka yi. Kotun ƙoli ta soke zagayen farko na zaɓen 2013. A 2015 aka yanke wa Nasheed ɗaurin shekara 13. A Fabrairun 2018 Yameen ya kafa dokar ta-ɓaci, ya kama alƙalin alƙalai da kuma Gayoom, wanda ɗan'uwan Yameen ɗin ne. Shi ma Yameen bayan ya sauka an ɗaure shi kan halasta kuɗin haram, manyan kotuna suka soke hukuncin daga baya. Ɗan jarida Ahmed Rilwan ya ɓace a 2014, an kashe marubuci Yameen Rasheed a 2017, Nasheed kuma ya tsira da munanan raunuka daga harin bam a Mayun 2021.

Babbar badaƙalar ƙasar ta fito ne daga ainihin abin da take sayarwa. Tsakanin 2014 da 2015 an ba da hayar tsibirai da tafkunan teku fiye da 50 ba tare da gasar neman kwangila ba, ta hannun kamfanin gwamnati mai tallata yawon buɗe ido, MMPRC, aka karkatar da sama da dala miliyan 70 zuwa asusun wasu mutane. Ahmed Adeeb, ministan yawon buɗe ido na lokacin wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2015, ya sha ɗauri a kai, amma kaɗan ne daga kuɗin aka dawo da su. Lamarin ya tona asirin tsarin: tsibiri dukiyar al'umma ce, sai dai sa hannun mutane ƙalilan a Male ke mayar da shi kuɗi, kuma wasu manyan masu otal su ne 'yan majalisa da jagororin jam'iyyu. Dokar rarraba iko ta 2010 ta kafa majalisun tsibirai, gyaran 2019 ya ƙara musu kuɗi ya kuma ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujeru, amma ikon ba da manyan hayoyi bai bar babban birni ba.

Teku da murjani

Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar bai kai mita ɗaya a saman teku ba. Wannan ne ya sa Nasheed ya yi zaman majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa a Oktoban 2009 don jan hankalin duniya ga sauyin yanayi. Zaizayar gaɓa da shigar gishiri cikin rijiyoyi sun riga sun zama ruwan dare, har tsibirai da yawa sun koma tace ruwan teku. Da gobara ta lalata matatar ruwan Male a Disambar 2014, sai da Indiya da wasu ƙasashe suka yi jigilar ruwan sha ta sama da ta ruwa. Ɗumamar teku a 1998 da 2016 ta kashe murjani mai yawa, alhali shi ne katangar da ke karya igiya, shi ne kuma abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani.

Amsar da gwamnatoci suka fi bayarwa ita ce cike teku da yashi. Hulhumale, wanda aka fara cikewa a 1997 aka kuma ɗaga shi kimanin mita 2, yanzu gida ne ga dubban iyalai da Male ta yi wa kaɗan. Amma yashin daga ƙasan teku ake haƙo shi, ƙurarsa tana binne murjanin da ke kewaye, kuma yawancin aikin da rance ake yinsa. Sharar birnin da ta otal-otal da yawa kuwa tun 1992 ake jibge ta a Thilafushi, wani tafkin teku da bola ta mayar tsibiri, tafiyar mintuna kaɗan a jirgin ruwa daga Male.