Ƙwazon aiki da zaman ofis ba abu ɗaya ba ne

Kwanan nan “ƙwazon aiki” ya cika gidajen rediyon Kano. Baƙo zai shigo shirin siyasa ya ce ma'aikata ba su da ƙwazo, hujjarsa kuwa ita ce an leƙa ofis da ƙarfe uku ba a tarar da kowa ba. Wannan haɗin gambiza yana ƙona mini rai. Ƙwazon aiki shi ne abin da mutum ya fitar a cikin lokacin da ya ɗauka: fayil nawa aka sallama, shadda nawa aka rina. Zama daga ƙarfe takwas zuwa huɗu halarta ce kawai.

Ita kanta awa takwas ɗin, babu likitan da ya auna ƙwaƙwalwa ya ce iya ƙarfinta ke nan. A masaƙun Ingila na da, har yara ƙanana sukan yi awa 12 ko fiye suna aiki. Shi ne a 1817 Robert Owen, wani mai masaƙa ɗan Birtaniya, ya yi kiran a kasa awa 24 gida uku: aiki, shaƙatawa, barci. A kan wannan buƙata ma'aikata suka yi yajin aiki a Chicago ta Amurka a watan Mayun 1886, asalin Ranar Ma'aikata ke nan. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya awa 8 a rana da 48 a mako cikin yarjejeniyarta ta farko. Wato iyaka ce aka gindaya wa mai masana'anta kada ya ƙetare. Yau mun mayar da ita sandar dukan ma'aikaci.

Masanin tattalin arziki John Pencavel ya bi alƙaluman masu ƙera harsasai a Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga da zarar an haura kimanin awa 49 a mako, amfanin kowace ƙarin awa raguwa yake yi. Mai awa 70 da kyar ya ɗara mai 56.

Telan unguwarku ya san wannan ba tare da ya karanta ba. A jajibirin Sallah yana kan keke har asuba, ido ya yi ja, ya haɗa hannun riga a baibai, gari na wayewa ya ɗauki reza yana farke abin da ya ɗinka. Haka ma'aikacin ofis a zafin Afrilu bayan azahar, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Me ake tsammanin zai fitar?

Akwai aikin da kasancewa a wurin shi ne aikin, kamar na mai gadi ko malamar jinya. Amma ga mai lissafin albashi, a tambayi abin da ya kammala. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disamban 2021. Duk mai son yanke hukunci a kan matakin, ya kawo yawan aikin da aka gama kafin nan da bayansa, ya bar mana rajistar sa hannu.