Rage iskar radon a cikin gida

Radon iska ce mai fitar da tururin nukiliya, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Tana samuwa ne idan sinadarin yuraniyam da ke cikin ƙasa da duwatsu ya sauya a hankali ya koma rediyam, shi kuma ya haifar da radon. A sarari ba ta taruwa, iska ce ke kwashe ta. Matsalar tana cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a matsayi na biyu cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu, bayan taba sigari, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai shan tabar. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 21,000 a ƙasar kowace shekara.

Hankalin Amurkawa ya koma kan gidaje a 1984, lokacin da wani injiniya, Stanley Watras, ya riƙa tayar da ƙararrawar gano tururi a tashar nukiliya ta Limerick da ke jihar Pensilbaniya. Da aka bincika, daga gidansa yake kwaso shi.

Radon na shiga ta tsagewar daɓe, ta mahaɗar bango da ƙasa, da ramukan da bututun ruwa ke bi. Iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi sama, sai gidan ya riƙa zuƙar iskar da ke ƙarƙashinsa. Inda ƙasa ke kan dutsen giranit, kamar Konwal a Ingila, abin ya fi yawa. Amma gidaje biyu da ke maƙwabtaka na iya bambanta ƙwarai, shi ya sa awo ne matakin farko. Ana ajiye ƙaramar na'ura a hawa mafi ƙasa da ake zama a ciki, kuma awon wata uku ko fiye ya fi na kwana biyu inganci, domin adadin yana sauyawa da yanayi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a wuce bekerel 100 (ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya) a kowace mita kubik ta iska, wato fili mai tsawo, faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya, in hakan ya gagara kada a haura 300. Amurka na ɗaukar mataki daga kusan 148.

Mutane da yawa sukan fara da toshe tsaga da siminti. Yana taimakawa, sai dai shi kaɗai bai isa ba, don iskar ba ta rasa ƙofa. Hanyar da ta fi aiki ita ce a huda daɓen, a haƙa ɗan rami a ƙarƙashinsa, a sa bututu da fanka mai aiki dare da rana, ta zuƙe iskar ta fitar da ita saman rufi, nesa da tagogi. Fankar a waje ake kafa ta ko a can cikin rufi, ba a inda ake kwana ba. Idan gidan na da fili tsakanin ƙasa da daɓe, sai a shimfiɗa leda mai kauri a ja iskar daga ƙarƙashinta. Ruwan rijiya ma kan ɗauko radon, ana rage ta ta hanyar kaɗa iska a cikin ruwan ko tace shi da gawayi na musamman.

Ga mai sabon gini aikin ya fi sauƙi da arha: tsakuwa, leda da bututu tun kafin a zuba daɓe. Bayan an gama kowane gyara, a sake awo.