Me ake nufi da "abokin hira na AI" ga mai ciwon asma?

Tun da kamfanin Meta ya saka AI ɗinsa cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, kalmar nan ta zama ruwan dare. Duk abin da ya mayar da amsa a waya, a gidan rediyo sai a ce ƙirƙirarriyar basira ce. Abin da ake yayi yanzu shi ne "abokin hira na AI", wanda aka ce zai taimaki matasa masu asma, wato fuka. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mai gabatar da shiri zai fara da aboki, kafin ya rufe baki abin ya zama "likitan cikin waya".

Abokin hira manhaja ce da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata, irin ChatGPT da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022. An ce masa aboki ne don ana iya tsara shi ya riƙe sunanka, ya tuna abin da ka faɗa jiya, ya tambaye ka yadda ka kwana. Ya sha bamban da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kan abin shaƙar maganin asma, irin ta kamfanin Propeller Health na Amurka, mai ƙirga sau nawa aka shaƙa da lokacin da aka shaƙa. Ita abin da ya faru take ƙirgawa. Shi abin da aka rubuta masa kaɗai ya sani.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan aka kawo yaro asibiti asma ta tashi, tun kafin likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ya riga ya fara aunawa: yaron zai iya ƙarasa jimla da numfashi ɗaya? Ramin maƙogwaro da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa? Leɓensa ya sauya launi? Ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyar, da tsakar dare cikin hunturu, ƙura ta cika gari, an kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da aka rufe ruf. Tana zaune ta dafa gwiwa, ba za ta iya cewa "Mama ki tashi" ba sai ta tsaya sau biyu. Amma yatsunta lafiya lau suke. Za ta rubuta cikakkiyar jimla mai kyau, manhajar ta karanta, ba tare da ta ji haki ko ɗaya ba. Mafi muni, idan yarinyar ta rubuta cewa ƙarar da ƙirjinta ke yi ta lafa, mai karatu zai ɗauka sauƙi ne ya samu. Alhali a wurin likitoci, ƙirjin da ya yi tsit ga mai fama da numfashi alama ce ta cewa iska ta kusa daina shiga. A wannan dare abin da ake bukata shi ne abin shaƙa mai buɗe hanyar iska da mota zuwa asibiti. Manhajar da aka gina da hankali za ta ce mata hakan ta daina jan zance.

Tsorona ba sabo ba ne. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna ELIZA, wadda aikinta juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya, kuma duk da haka sakatariyarsa ta nemi ya fita ya ba ta wuri su gana. Idan wannan ta ja hankalin babba, ina ga matashin da ya samu mai saurarensa ba faɗa ba gori?

Duk da haka ina ganin amfaninsa, amma a ranakun da ƙirji yake lafiya. Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai shuɗin nan, salbutamol, da aka fi sani da Ventolin, mai kawo sauƙi cikin mintuna. Akwai kuma na rigakafi, mai rage kumburin hanyoyin iska a hankali, wanda ba a jin aikinsa nan take, shi ya sa matasa ke watsar da shi da zarar sun ji dama. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ta daina ba da shawarar a dogara da shuɗin kaɗai ga manya da matasa. A nan abokin hira zai yi rana: ya tuna maka na rigakafi, ya maimaita maka cewa a girgiza, a fitar da numfashi, a shaƙa sannu, a riƙe kamar daƙiƙa goma, a kurkure baki bayan nan. Ya lura cewa duk ranar da aka yi turaren wuta ko aka tada janareto kusa da taga kana kwana da tari. Kuma yarinyar da ke ɓoye abin shaƙarta cikin hijabi, don an ce mata wanda ya fara ba ya dainawa, ko don kada zancen ya kai gidan masu neman aurenta, tana iya tambayar waya abin da kunya ta hana ta tambayar likita a gaban mahaifiyarta.

Sai dai masu tallar abin ba sa son a taɓo zancen kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi inda gano cutar da samun magani ke wuya. A Agustan 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Najeriya da rufe reshensa, farashin maganin kuma ya yi tashin gwauron zabi. Iyaye da yawa shuɗin kaɗai suke iya saye, shi ma sai ciwon ya tashi. Ɗan siyasar da zai ce yana so ya kawo AI ga yaranmu masu asma bai dame ni ba, amma tambayar da nake so ɗan jarida ya yi masa ita ce ko akwai abin shaƙa na rigakafi a ƙaramin asibitin mazaɓarsa, kuma nawa ake sayar da shi.