Waiwaye: Yadda rata ta samu tsakanin 'yan asalin Taiwan da masu cewa asalinsu Amurka

A takardar binciken da Hukumar Ƙidaya ta Amurka ke aika wa gidaje duk shekara akwai wata tambaya da ba a ba ta akwatunan zaɓi ba. Layi ne kawai aka bari fili, mutum ya rubuta asalin kakanninsa da hannunsa. A ƙarƙashin layin an jera misalai don a gane abin da ake nufi, kuma a cikinsu akwai ɗan Italiya, ɗan Jamaika, ɗan Najeriya da ɗan Taiwan. Babu Ba'amurke a jerin. Amma miliyoyin mutane shi suke rubutawa. A ƙidayar 1990 sun haura miliyan 12, a ta 2000 suka haura miliyan 20.

Daga amsoshin wannan layi ake samun teburan da ke yawo a intanet, inda ake jera al'ummomi gefe da gefe a auna samunsu da karatunsu. Duk wanda ya ɗora idonsa a kan layin 'yan Taiwan da na masu cewa asalinsu Amurka zai ga rata mai faɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na manyan 'yan asalin Taiwan suna da digiri, alhali a ƙasar baki ɗaya abin bai kai kashi 40 ba. Matsakaicin kuɗin da gidansu ke samu a shekara ya wuce dala 100,000, yayin da na ƙasar ya tsaya wajen dala 80,000 a 2023. Su kuwa masu rubuta Amurka a matsayin asali, a karatu da samu duka suna ƙasa da matsakaicin ƙasar. Abin da ke saurin zuwa bakin mutane shi ne waɗancan masu himma ne, waɗannan kuwa sun yi sake. Ban yarda da wannan fassara ba, kuma tarihin yadda kowane ɓangare ya iso kan wannan layi ne ya hana ni yarda.

A fara da ƙofar shiga. Tun 1882 doka ta rufe wa ma'aikata 'yan Sin hanyar shiga Amurka, ba a soke ta ba sai 1943, kuma ko da aka soke, mutum 105 kacal aka yarje wa a shekara. Taiwan a lokacin tana hannun Japan, wadda ta mulke ta daga 1895 zuwa 1945. Saboda haka tsibirin bai tura leburori zuwa Amurka ba kamar yadda kudancin Sin ya tura masu haƙar zinari da masu shimfiɗa layin dogo. Babu wata tsohuwar unguwar talakawan Taiwan a San Francisco da za a ce daga nan aka faro.

A 1949 gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek ta sha kashi a hannun 'yan gurguzu, ta tsallaka tsibirin da sojojinta da ma'aikatanta da malamanta. Ta kafa dokar soja wadda ta shekara 38, ba a ɗage ta ba sai 1987. A ƙarƙashin wannan mulki, fita ƙasar waje ba abin da kowa zai tashi ya yi ba ne. Ko fita yawon buɗe ido ba a halatta wa jama'a ba sai 1979. Hanya mafi sarari ita ce karatu. Sai yaro ya ci jarrabawar shiga jami'a, wadda ake kokawa a kanta kamar ran rabon gado, ya gama digiri, in namiji ne ya yi aikin soja, sannan ya samu wata jami'ar Amurka ta ɗauke shi, galibi da tallafin karatu a fannin injiniya ko kimiyya, don kuɗin gida ba za su iya ba. Har wani kirari ya bazu a tsibirin a wancan zamani, ma'anarsa: zo, zo, zo Jami'ar Taiwan, tafi, tafi, tafi Amurka.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Wanda ya sauka daga jirgi a Los Angeles a 1968 da akwati ɗaya da 'yan daloli a aljihu, talaka ne a ido, amma an riga an tankaɗe shi sau uku ko huɗu kafin ya taka ƙasar. Rariyar makaranta ta tace shi, ta gwamnati ta tace shi, ta jami'ar Amurka ta tace, ta ofishin biza ta ƙarasa. Manomin shinkafa na kudancin tsibirin da mai kamun kifi da 'yar masana'antar Kaohsiung ba su cikin wannan jirgi. Suna can gida, kuma ƙididdigar Amurka ba ta san da su ba.

Sai dokar shige da fice ta 1965 ta zo, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Oktoba a gindin gunkin 'yanci na New York. Ta soke rabon gurabe bisa launi da asali, ta fifita iyalan waɗanda ke ƙasar da kuma ƙwararru. Ɗaliban Taiwan da ke can suka samu hanyar zama dindindin, kaɗan ne suka koma gida a shekarun 1960 da 1970. Wasu ma ba su da halin komawa, don gwamnati ta sa sunayen masu sukarta a baƙin littafi. Da suka zauna suka ɗauko mata da ƙanne da iyaye, kuma ƙanin injiniya ba kasafai yake zama wanda bai je makaranta ba. Tsoro ma ya ƙara tura masu hali: a 1971 Taiwan ta rasa kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1979 Amurka ta mayar da huldar jakadancinta Beijing. Daga 1982 aka ware wa Taiwan gurabenta na mutum 20,000 a shekara. Waɗanda suka zo a wannan zango da jarinsu suka zo, don tsibirin ya riga ya fara arziki. Su ne suka sayi gidaje da kantuna a Monterey Park ta Kalifoniya har ake ce mata ƙaramar Taipei, suka kuma cika Flushing a New York. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba ina rage wa mutanen nan ƙoƙarinsu ba ne. Taiwan ta yi wa kanta aiki: ta rage kuɗin hayar gona ta raba filaye ga manoma tsakanin 1949 da 1953, ta mayar da karatun shekara tara wajibi a 1968, ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, inda kamfanin TSMC mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori ya tashi a 1987. Kuma sunayen da aka sani shaida ne. Lisa Su, shugabar kamfanin AMD mai ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta, an kawo ta daga Tainan tana 'yar shekara uku. Jerry Yang na Yahoo ya zo daga Taipei yana ɗan shekara goma. Amma a duba gidajensu. Mahaifin Su masanin lissafin ƙididdiga ne da ya zo ƙarin karatu, mahaifiyar Yang kuwa malamar Turanci ce tun a gida. Tun ran gini ran zane.

To su waye a ɗaya ɓangaren? Mafi yawansu farar fata ne, jikokin Ingilishi da 'yan Scotland da 'yan arewacin Ireland da suka zo tun shekarun 1700, suka daɗe har labarin inda aka fito ya ɓace a gidan. Shi ya sa yawan masu cewa asalinsu Ingila ya faɗo daga wajen miliyan 49 a 1980 zuwa ƙasa da miliyan 25 a 2000. Ba mutuwa suka yi ba, amsa suka canza. Taswirar masu rubuta Amurka ta fi duhu a Kudu da kuma tsaunukan Appalachia: Kentucky, Tennessee, West Virginia, Alabama. Masanin zamantakewa Stanley Lieberson ya lura tun shekarun 1980 cewa wannan amsa ta fi fitowa daga mutanen karkara, mutanen Kudu, da waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Wato nan ma akwai rariya, amma ta juya baya. Lauyan da ke Boston, wanda kakanninsa suka zo a jirgi ɗaya da kakannin mahaƙin kwal na Kentucky, yana da takardun tarihin gidansu, sai ya rubuta Ingila. Mahaƙin ya rubuta Amurka. Dangi ɗaya ne, amma tebur ya raba su, ya kai mai kuɗin wani layi.

Labarin yankin nasu kuwa labarin arzikin da aka kwashe ne. A ƙarshen shekarun 1800 wakilan kamfanoni suka bi ƙauyukan tsaunuka suna sayen abin da ke ƙarƙashin ƙasa daga hannun manoman da da yawansu ba su iya karatu ba, wani lokaci a kan abin da bai kai dala ɗaya ba kowace eka. Takardar ta bar wa manomi saman gona, ta ba kamfani ikon yin duk abin da ya ga dama don ya ciro kwal. Kentucky ba ta taka wa irin wannan takarda birki a kundin tsarin mulkinta ba sai 1988. A garuruwan haƙa, kamfani ne mai gida, shi ne mai kanti, kuma sau da yawa da kuɗin kamfani ake biyan albashi, wanda ba ya sayen komai sai a kantin kamfanin. Riba ta tafi Philadelphia da New York, harajin da ya rage wa makarantun gunduma bai taka kara ya karya ba. Yaro ɗan shekara goma sha shida da ya ga ramin kwal na biyan albashi, me zai zaunar da shi a aji?

Sai ramin ma ya daina ɗauka. A farkon shekarun 1920 mahaƙan kwal a Amurka sun haura 800,000. Yau ba su kai 50,000 ba. Injina suka fara cinye aikin, daga baya iskar gas ta ƙarasa. Gundumar McDowell ta West Virginia tana da mutum kusan 100,000 a 1950, a ƙidayar 2020 ba su kai 20,000 ba. Miliyoyi suka yi ci-rani zuwa masana'antun Detroit da Cincinnati da Akron, kuma kamar ko'ina, masu ƙarfi da masu ɗan karatu ne suka fara tafiya. A Kudu kuma masaƙu da masana'antun kujeru da gadaje suka yi ta rufewa daga shekarun 1990. A kan wannan rauni ne annobar ƙwayoyin kashe raɗaɗi ta sauka.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne shugaba ɗaya ne ya taɓa ɓangarorin biyu a tsakanin wata goma sha takwas. A Afrilun 1964 Johnson ya je Inez a gundumar Martin ta Kentucky, ya tsuguna a barandar wani magidanci marar aiki, aka ɗauki hoton da ya zama tambarin yaƙinsa da talauci. A 1965 aka kafa hukumar raya yankin Appalachia, aka zuba kuɗi a tituna da asibitoci, talauci ya ragu ƙwarai amma yankin bai kamo sauran ƙasar ba. A shekarar nan dai ya buɗe wa ƙwararrun Asiya ƙofa. Doka ɗaya ta ɗauko waɗanda wata ƙasa ta riga ta kashe kuɗi ta horar, ɗayar kuma tana ƙoƙarin cike ramin da aka shekara ɗari ana haƙawa.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ana yawan cewa 'yan Najeriya na cikin baƙin da suka fi digiri a Amurka, kuma gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa ganin layin neman biza ya san ba kowane ɗan ƙasa ne ke kai wa gaban tagar ba.

Akwai kuma abubuwan da tebur ke ɓoyewa a ɓangaren Taiwan ɗin kansa. Galibinsu suna zaune ne a Kalifoniya da New York da makamantansu, inda hayar ɗaki biyu za ta iya cinye abin da zai riƙe gida guda a gabashin Kentucky. Akwai tsofaffin da aka ɗauko ba su jin Turanci, akwai ma'aikatan gidajen abinci. Sannan a tambayar launin fata ta babbar ƙidaya ba a ware wa Taiwan akwati ba, sai mutum ya rubuta da kansa, shi ya sa ƙungiyoyinsu suke kamfen kafin kowace ƙidaya. A 2010 kimanin mutum 230,000 suka rubuta, a 2020 suka haura 300,000, wasu da yawa da aka haifa a tsibirin kuma suka zaɓi akwatin Sin. Digiri bai kuma hana a yi musu kallon baƙi ba. Wen Ho Lee, masanin kimiyya haifaffen Taiwan da ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos, an tsare shi wata tara shi kaɗai a ɗaki daga ƙarshen 1999 bisa zargin da ya shafi sirrin nukiliya. Daga cikin tuhuma 59 aka janye 58, alƙalin da kansa ya ba shi haƙuri a zaman kotu.

Sau ɗaya dai na san hanyoyin biyu sun haɗu a wuri guda. A 1973 wasu iyaye 'yan Taiwan da ke aiki a Thailand suka turo 'ya'yansu maza biyu wurin kawunsu a Amurka. Kawun ya sa su a makarantar kwana ta Oneida da ke gundumar Clay a Kentucky, yana zaton ta 'ya'yan manya ce, ashe makarantar mishan ce da ke karɓar yaran da wasu makarantu suka gaza da su. Ƙaramin, Jensen Huang, bai wuce shekara goma ba. Aikinsa na kullum wanke bayi. Abokin ɗakinsa saurayi ne ɗan shekara goma sha bakwai da bai iya karatu ba. Huang ya riƙa koya masa, shi kuma yana koya wa Huang ɗaga ƙarfe. Bayan kamar shekara biyu iyayen suka iso, mahaifin injiniya ne, suka ɗauke yaran zuwa Oregon. Daga nan jami'ar jihar, sai Stanford, sai kafa kamfanin Nvidia mai ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta a 1993. A 2019 ya ba makarantar Oneida dala miliyan biyu aka gina ɗakin kwanan 'yan mata da azuzuwa. Gundumar Clay har yau tana cikin mafiya talauci a Amurka.