Waiwaye: yadda likitoci suka koyi tada hannun da ya shanye

Akwai jijiyoyi biyar da suke fitowa daga laka ta wajen wuya su haɗu su sauka hannu, su ne ke motsa komai tun daga kafaɗa har ɗan yatsa. In mutum ya faɗo daga mashin kai ya yi gefe kafaɗa ta yi gefe, toh sai su tsinke ko su tsige daga laka gaba ɗaya, hannu ya saki, ga azabar zugi dare da rana.

Tun wajen 1900 wani likitan Ingila William Thorburn ya gwada ɗinke su, amma sakamako ba daɗi, har a taron likitocin ƙashi na Paris a 1966 aka ce aikin nan ba riba. Da yawa yanke hannun kawai ake yi. Matsalar ita ce jijiya a hankali take tofowa, kamar milimita 1 a rana, ita kuma tsoka in ta kai wata 12 zuwa 18 ba saƙon jijiya shikenan ta lalace.

Sai likitoci biyu, Hanno Millesi a Vienna ta Austria da Algimantas Narakas a Lausanne ta Switzerland, suka ƙi haƙura, suka shigo da madubin tiyata mai ƙara girman abu suna ciro jijiya daga ƙafa su cike giɓin ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Wadda ta tsige daga laka kuwa ba ta ɗinkuwa sai dai aro, a Japan suka riƙa ɗauko jijiyar haƙarƙari, a Shanghai Gu Yudong a 1986 ya ɗauko daga ɓangaren wuya mai lafiya.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Christophe Oberlin na Faransa a 1994, ya tsago ɗan sashe daga jijiyar hannu mai rai ya jona dab da tsokar damtse, tafiyar ta gajarce, cikin watanni mutum ya fara lanƙwasa gwiwar hannu ya kai loma baki. Yatsu ne har yau suke ba da wahala.

Abin da ke min ciwo, mu nan da achaba ya cika gari, in ƙashi ya haɗe wajen mai ɗori hannu bai motsa ba sai a ce a yi haƙuri zai dawo, ana ta shafe-shafe har shekara ta zagayo, alhali likitocin sun fi son a yi tiyatar nan cikin wata 3 zuwa 6 da hatsarin.