Samuwar Rana da Duniyoyin da ke Kewaya Ta

Bayanin da masana falaki suka fi yarda da shi a yau shi ne cewa Rana da duniyoyi takwas da ke kewaya ta sun samu ne tare, daga gajimare guda na iskar gas da ƙura, kimanin shekara miliyan 4,567 da suka wuce. Sararin samaniya kansa ya girme su nesa ba kusa ba, domin an ƙiyasta shekarunsa sun kai biliyan 13.8. Farkon sararin bai samar da komai ba sai sinadarai marasa nauyi: haidurojin kusan kashi 75 cikin ɗari, hiliyam kusan kashi 25, da ɗan burbushin litiyam. Baƙin ƙarfe, iskar oksijin, kabon da silikon, waɗanda da su aka gina ƙasar da muke takawa, a cikin taurarin da suka rayu suka mutu kafin Rana aka dafa su. Saboda haka gajimaren da ya haifi Rana yana ɗauke da ragowar waɗancan taurari, ko da yake bai kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ba.

Yadda ra'ayin ya faro

Immanuel Kant na Jamus ya kawo shi a 1755, Pierre-Simon Laplace na Faransa kuma ya zo da irinsa a 1796. Abin da ya ja hankalinsu a fili yake: duk duniyoyin suna kewaya Rana ta fuska ɗaya, kusan a kan shimfiɗa ɗaya. Da tsintarsu Rana ta yi ɗaya bayan ɗaya, da kowacce ta bi nata layin.

Sai dai ra'ayin ya gamu da cikas babba. Rana ce ke riƙe da kashi 99.86 cikin ɗari na nauyin tsarin duka, amma rabonta na ƙarfin juyi bai kai kashi 2 ba. Mushtari, wato Jupita, ita kaɗai tana da kusan kashi 60. Duk abin da ke juyawa, in ya tsuke, gudunsa ƙaruwa yake yi, kamar dutsen da aka ɗaure a zare ana wulwula shi, zaren na naɗewa a yatsa, dutsen na ƙara sauri. A bisa wannan lissafi ya kamata Rana ta riƙa juyawa da mugun gudu, alhali kwana 25 take ɗauka kafin ƙugunta ya zagayo sau ɗaya. Wannan ya sa a farkon ƙarni na 20 aka koma ga wani bayani, na su Chamberlin da Moulton da James Jeans, cewa wani tauraro ne ya gitta kusa da Rana ya fizgo wani ɓangare nata. A 1939 Lyman Spitzer ya nuna cewa gas mai irin wannan zafi watsewa zai yi, ba zai dunƙule ba. Daga baya aka gane cewa maganaɗisun jaririyar Rana da iskar da take fesowa su suka ja mata birki, suka miƙa ƙarfin juyin zuwa waje. Littafin Viktor Safronov na Tarayyar Sobiyat, wanda ya fito a 1969, shi ya aza harsashin lissafin da ake aiki da shi yanzu.

Daga ƙura zuwa duniya

Wani sashe mai kauri na gajimaren ya rufta kansa saboda ƙarfin janyowa. Cikin shekara kusan 100,000 tsakiyar ta zama jaririyar tauraruwa, sauran kuma ya baje ya zama faifai mai juyawa. Zafi ne ya raba wa kowane wuri kayan gininsa. Kusa da Rana ƙarfe da dutse kaɗai ke iya daskarewa, su kuwa ba su da yawa, shi ya sa Uɗarid, Zahra, Duniya da Mirrihi, wato Mas, suka fito ƙanana. Daga nisan da ya ninka tazarar Duniya da Rana kusan sau uku, ruwa yakan zama ƙanƙara, kayan gini su yawaita. A can ne ƙwallon Mushtari ya kai wajen ninki goma na nauyin Duniya, ya fara zuƙo gas babu ƙaƙƙautawa har ya kai ninki 318. Lokaci ya yi masa ƙaranci, domin faifan gas ba ya wuce shekara miliyan 3 zuwa 10 kafin hasken tauraruwa da iskarta su share shi. Yuranus da Neftun ba su samu gas mai yawa ba kafin ya ƙare.

Inda lissafin ya fi wuya shi ne tsakanin ƙura da manyan duwatsu. Ƙwayoyin ƙura suna manne wa juna cikin sauƙi har su kai girman tsakuwa. Daga nan in sun yi karo sai su dare ko su farfashe. Ga kuma matsala ta biyu: gas yana kewaya Rana a hankali fiye da dutse, don haka dutse mai faɗin mita ɗaya kullum iska na tokare shi, gudunsa na raguwa, kuma a daidai nisan Duniya zai iya gangarawa cikin Rana a shekara ɗari kacal. Mafitar da ta fi ƙarfi ita ce wadda Andrew Youdin da Jeremy Goodman suka bayyana a 2005: tsakuwoyi sukan taru su yi ayari, ayarin ya ja gas ɗin da ke kusa da shi har tokarewar ta ragu, na baya su riske shi, taron ya yi kaurin da zai rufta lokaci guda ya zama jiki mai faɗin kilomita gommai ko ɗari. Arrokoth, wani ƙaramin jiki da ke can bayan Neftun, wanda kumbon New Horizons ya gitta ranar 1 ga Janairun 2019, ya ƙarfafa wannan bayani, domin curi biyu ne da suka haɗu a hankali ba tare da sun rugurguza juna ba.

Duniyoyin dutse sun ɗauki shekaru miliyan gommai suna kammaluwa, ta hanyar karon manyan jikkuna. Karo irin wannan da wani jiki mai girman Mirrihi shi ake ganin ya watso kayan da suka zama Wata, kuma duwatsun da 'yan sama-jannatin Apollo suka kawo, kilo 382, sun nuna nau'in oksijin ɗinsu ya yi daidai da na Duniya ƙwarai.

Shaidar duwatsun sama

Ƙarfin wannan ilimi ba a madubin hangen nesa kaɗai yake ba, yana cikin duwatsun da ake iya ɗauka a hannu. Yuraniyam yana rikiɗewa ya zama dalma da gudun da ba ya canzawa: rabin nau'in 238 yana ƙarewa a shekara biliyan 4.47, rabin nau'in 235 a shekara miliyan 704. Da yake agogo biyu ne a dutse ɗaya, kowane yana tantance ɗan'uwansa. Da dalmar duwatsun da ke faɗowa daga sama Clair Patterson ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956, bayan ya sha fama da dalmar da ta gurɓata ɗakin gwaji, har ya tanadi ɗaki mai tsafta na musamman. Dutsen Allende da ya faɗo a Meziko ranar 8 ga Fabrairun 1969 yana da fararen ɗigo-ɗigo masu kalsiyam da alminiyam. Irin waɗannan ɗigo su ne abu mafi tsufa da ya daskare a tsarin Rana, kuma daga gare su aka samo adadin miliyan 4,567.

Arewacin Najeriya ma ya ba da tasa shaidar. Ranar 3 ga Afrilun 1984 wani dutse ya faɗo a gona a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu, mutanen wurin suka farfasa shi. In aka yanka ɓallinsa aka goge, ana ganin dunƙule-dunƙulen ƙarfe masu sheƙi, zagayayyu, da ido ba sai da madubi ba. Awon da aka wallafa a 2005 ya nuna ƙwayoyinsa sun daskare kimanin shekara miliyan 5 bayan waɗancan fararen ɗigo, daga tururin da ya tashi lokacin da manyan jikkuna biyu suka yi karo. Ke nan a wannan ɗan lokaci har an riga an samu jariran duniyoyi suna gwabzawa.

Abin da sauran taurari suka nuna

A 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke Chile ta ɗauki hoton faifan da ke kewaye da tauraruwar HL Tauri, mai nisan da haske ke ci a shekara kusan 450, da zobba da gibi a tsakaninsu. Amma tun a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano abin da ya tilasta gyara: duniyar gas da ke kewaya tauraruwar 51 Pegasi cikin kwana 4.2, a wurin da zafi ba zai bari irinta ta ginu ba. Dole daga nesa ta matso. Tun daga nan aka daina ɗauka cewa kowace duniya tana nan inda aka haife ta. Lissafin da aka yi a birnin Nice na Faransa a 2005 ya nuna Neftun ta ja da baya zuwa waje tana tura ƙananan jikkuna a gabanta, kuma Fuluto na cikin waɗanda ta kama a hanya: duk zagaye uku da Neftun ta yi, shi yana yin biyu.